Garzali Mai Tambari da Kwamfutar Surukinsa

Duk wanda ya taɓa sayen shinkafar Kura a buhu ya ga aikin Garzali, ko da bai san sunansa ba. Shi ne mai buga tambari a jikin buhu: sunan injin da ya gyara shinkafar, da hoton tauraro ko zangarniya, da lambar waya a ƙasa. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bayan layin masu inji, mai warin fenti, da benci a ƙofa. A kan wannan benci nake yini tun da na bar aikin tafireta a ofishin noman rani na Kadawa.

Ba da buhu ya fara ba. Lokacin da ruwan Tiga ya fara gudana a manyan kanal, Garzali yana saurayi, shi ne yake rubuta lambobin ƙofofin ruwa da buroshi. Mu da muka koyi rubutu a hannun 'yan mishan, inda harafi in ya karkace rula ke sauka a yatsa, ba mu da saurin yabon rubutun kowa, amma nasa ban taɓa samun abin gyarawa a ciki ba. Da injinan shinkafa suka yawaita, kowane mai inji yana son buhunsa ya fita daban, sai ya koma yanka haruffa da reza a takarda mai kauri, ya ɗora a raga, ya ja fenti a kai. Da idonsa ya fara gajiya, ya sayi kwamfuta ta hannu da na'urar yanka sitika. Ya zana tambarin kowane inji sau ɗaya ya adana, in an kawo aiki na'ura ta yanka masa. A haka ya aurar da 'ya'yansa, a haka ya binne matarsa.

Bara, gab da girbin shinkafar rani, kwamfutar ta mutu. Labari ya kai Kano wajen 'yarsa ta fari, Mansura, wadda mijinta Taufiq aikin kwamfuta yake yi a wani kamfani. Ranar Asabar sai ga Taufiq da sabuwar kwamfuta a jaka, kyauta. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaishe da surukinsa, kansa a ƙasa. Garzali ya amsa yana kallon wani wajen, sannan ya fito ya zauna kusa da ni, ya bar masa shagon. Ba ya zama ɗaki ɗaya da mijin 'yarsa.

Daga ƙofa na ga abin da Taufiq ya yi. Manhajar da take sarrafa na'urar yankan tsohuwa ce ƙwarai, ba ta tashi a sabuwar kwamfuta. Don haka sai ya gina wata kwamfutar ta biyu a cikin sabuwar, wadda ba ta da jiki, taga ce kawai: in ka buɗe ta sai ka ga tsohon allon nan mai koren tudu, kamar wadda ta mutu ce ta dawo. A ciki ya sa tsohuwar manhajar. Zane-zanen tambarin kuwa ya ciro su daga ma'ajiyar matacciyar, ya zuba a ma'ajiyar sabuwar. Ya rubuta kalma ɗaya don gwaji, na'ura ta yanka tsaf. Ya sake durƙusawa.

"Baba, an gama."

"Madalla. Allah ya yi albarka."

Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan, ya koma Kano.

Washegari Garzali ya buɗe tagar, ya nemi zane-zanensa, babu ko ɗaya. Ya rufe ta ya duba a waje, ga su nan jere da sunayensu, amma in ya taɓa ba sa buɗewa. Ta waje tana ganinsu ba ta san yadda ake buɗe su ba, ta ciki ta sani amma ba ta ganinsu. Kamar gonar da kanal ya bi ta gefenta cike da ruwa, ba a yanka mata ƙofa ba. Ya kwashe su a filashi ya sake sakawa, ta wajen ta karɓe, ta cikin ko labari ba ta ji ba.

Na ce, "Ka kira shi mana."

"In kira wa, Akawu?"

"Wanda ya haɗa."

"Mutum ya ɗauko abu tun daga Kano ya kawo maka, gari na wayewa ka ce masa bai yi ba?"

"To, ka gaya wa yarinyar."

Ya dube ni kamar na yi saɓo. Mansura 'yar fari ce, ko sunanta ba ya faɗa, balle ya kai mata ƙarar mijinta. Na ce to ni in kira, ya ce in na yi haka kada in ƙara zama a bencinsa. Masu gyaran kwamfuta na bakin titi ma ya ƙi, don Kura ba ta riƙe magana, kafin la'asar za a ji cewa surukin Garzali ya yi aikin da sai da aka gyara. Ya lulluɓe kwamfutar da tsumma mai tsabta, ya ciro rezarsa.

Na ga mutum mai furfura ya koma aikin da ya bari shekaru da yawa. Yakan shimfiɗa tsohon buhu, ya kwafi tambarin da fensir, ya sunkuya da tabarau biyu, ɗaya a kan ɗaya. Abin da na'ura take yi kafin shayi ya huce, shi sai ya yini a kai. Ga girbi ya kankama, shanshera, shinkafar da ba a casa ba, tana shigowa daga Bunkure a kan babura da a-daidaita-sahu, injina ba sa hutawa, kowa yana neman buhu. Tauraron wani mai inji ya fito da ƙafa ɗaya gajera, mutumin bai yi faɗa ba, ya dai kai aikinsa Kano. Na biyu ya gaji da jira ya bi shi. Garzali ya daina hira. In an kira salla sai ya dafa bango kafin ya miƙe.

Saura mutum ɗaya mai kawo aiki da yawa: Hajiya Rekiya, taubashiyarsa, shugabar matan da suke gumi, wato turara shinkafa, a unguwarsu, mai ƙaramin inji nata na kanta. In ita ma ta tafi, shagon ya rufu, mu duka mun san haka. Tambarinta kuwa tukunyar gumi ce da zangarniya biyu, kowace ƙwaya a zane, aikin da reza ba ta iyawa a hannun tsoho.

Wata Laraba da hantsi ta sauko daga a-daidaita-sahu tana gyara mayafi.

"Kai bawana, ina buhunana?"

"Wa ne bawan naki? Gobe."

"Goben nan taka ta fi kanal tsawo. Motar masu saye jibi za ta iso, a zani zan ƙulla musu shinkafar?"

Ta shiga shagon ba tare da an ce ta shigo ba. Ta ga tarin takardun da suka lalace, ta ga yatsunsa da filasta, ta ga abin da aka lulluɓe.

"Wannan kuma amarya ce aka rufe?"

Ya sunkuya kan rezarsa. Ta juyo gare ni, ni kuwa ba a hana ni amsa tambaya ba, kira aka hana ni. Na gaya mata komai. Ta yi dariya har ta riƙe ƙofa, sannan ta sake duban yatsun nasa, dariyar ta tsaya.

"Kai ke jin kunyarsa. Ni tawa kunyar direbobin tirela sun cinye ta tuntuni."

"Rekiya, kada ki..."

"Yi min shiru, tsoho." Ta riga ta kara waya a kunne. "Mansura? Ba ni lambar mijin nan naki."

Bayan azahar Taufiq ya iso. Garzali bai jira shi ba, ya ɗauki sandarsa ya nufi bakin kanal. Taufiq ya tsaya yana kallon rezar da takardun.

"Baba Akawu, tun yaushe?"

"Tun ranar da ka tafi."

Ya dafe kai. "Ni na manta. Ban buɗe mata hanya ba."

Ya zauna. Ya shiga saitin kwamfutar ta ciki, ya nuna mata wurin da zane-zanen suke a ma'ajiyar ta waje, ya sa alamar cewa duk lokacin da ta tashi ta haɗa da wurin da kanta. Ya ƙara mata wata 'yar manhaja da ya ce sai da ita biyun suke jin juna, ya kashe ta ya kunna. Da koren tudun ya dawo, sai ga sabuwar ma'ajiya ta bayyana a ciki. Ya taɓa, zane-zanen suka zubo, har da na injinan da aka rufe tun shekaru. Duka aikin bai kai tsawon alwala da salla ba. Ya nuna mana inda ake taɓawa, ni da Hajiya Rekiya, ya maimaita. Ya ɗan jira a ƙofa, ya gane ba za a dawo ba muddin yana nan, ya sa takalminsa ya tafi.

Garzali ya dawo gab da magariba. Na nuna masa. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya nemo tukunyar gumin, ya sa sitika a na'ura. Buhunan Hajiya Rekiya sun bushe kafin motar ta iso.

Masu injin nan biyu ba su dawo ba, shi kuma bai je roƙonsu ba. Yanzu shagon da safe kawai yake buɗewa, aikin matan gumi ne yake riƙe da shi, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Duk Juma'a Taufiq yakan kira wayar Hajiya Rekiya ya ce a tambayi Baba ko kwamfuta tana aiki. Amsar Garzali ba ta canzawa: lafiya lau, a gode masa. Don haka Hajiya ba ta ƙara tambayarsa ba. Takan zo da kanta, ta ture shi gefe, ta ce ya kunna ta gani.