Tabarmar Kawu a Maijirgi

Jiya a jami'ar da nake karatu a Italiya, malamarmu ta haƙƙin ɗan Adam ta yi dogon bayani cewa dole a saurari wanda ake tuhuma. Ina cikin rubutu sai marigayi Kawuna ya faɗo mini a rai.

Wata kaka shanu suka cinye masa gyaɗa a gonarsa ta Maijirgi. Maƙwabta suka taso makiyayin a gaba, dattijo ne, ya durƙusa cikin rana, rigarsa duk ƙanshin harawa. Na kawo ruwan randa a ƙwarya, na miƙa wa Kawu.

"Ba baƙo tukuna, ɗiyata," in ji shi. Ya matsa, ya bubbuga tabarmarsa. "Hau nan, Malam. Ba ni jin maganar mutum yana ƙasa ina bisa."

Sai da ya sha muka ji ashe matarsa ya kai likita a Tasawa, shanun suka ɓalle a bayansa. Kawu ya sallame shi, ya ce ya koma wurinta.

Kawu bai taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba. Allah Ya saurare shi da rahama, Ya shimfiɗa masa tabarma a Aljanna.