Wasiƙar Sallama ta Biyar

Ni ne sakataren ƙungiyar ƙwallon unguwarmu a Gashuwa. Ban iya ƙwallo ba, gilashi nake sawa tun ina sakandare. An ba ni muƙamin ne don ina jami'a, rubutuna yana karantuwa, kuma ba na magana a taro. Cikin shekara uku na rubuta wasiƙar sallamar koci sau biyar. Ta biyar ɗin yayana na rubuta wa, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, muke kwana ɗaki ɗaya.

Lokacin da iyayenmu suka kafa ƙungiyar ba a samu wanda zai sayi jesi duka a tare ba, sai kowane gida ya ɗauki lamba ɗaya. Gidanmu ya ɗauki lamba huɗu. Gidan Alhaji mai shinkafa, shugaban kwamiti, wanda kakanninsa suka zo daga Haɗeja, ya ɗauki rigar gola. Abin ya zauna a haka har yau. Riga ba ta kwana a hannun koci. A gidan masu ita take kwana, matan gidan ke wanke ta, ranar wasa kuma ɗan gidan ne zai fito da ita a jikinsa. In ta tsufa gidan ne zai sake wata, shi ya sa korenmu bai taɓa zama iri ɗaya ba, wata shar kamar shinkafa a fadama, wata ta koɗe kamar busasshen zogale. Ko saurayi ya iya ko bai iya ba, in gidansu na da riga zai buga. Wanda gidansu ba riga kuwa, ko ya fi kowa, benci ne nasa.

Ban taɓa jin wani ya kira wannan matsala ba. In an ci mu, koci ake kallo.

Na farko malamin motsa jiki ne a firamare, aka ce ya cika sanyi. Na biyu tsohon soja ne, yana kai 'yan wasa gudu cikin yashin bakin kogi har wasu na amai, aka ce ya cika zafi. Na uku daga Nguru aka ɗauko shi, da 'yan garinsu suka ci mu aka ce ya sayar da mu. Na huɗu ya so ya mayar da mai lamba tara baya, uban yaron ya zo filin atisaye da kansa ya ce rigar gidansu rigar gaba ce. Duk wasiƙa ɗaya na rubuta musu, kwanan wata kawai nake canzawa: kwamiti yana godiya da ƙoƙarinka, amma ya ga dacewar a gwada wani hannun.

Ina da wani littafi mai shuɗin bango wanda ba wanda ya sa ni riƙe shi. Kowane wasa nakan zana fili a shafi guda, in sa alama a wurin da aka bugo duk ƙwallon da ta shiga ragarmu. Da shafuka suka taru sai na ga alamomin sun cunkushe a wuri ɗaya, can nesa da raga. Kocin sanyi da kocin zafi, duk daga nan ake cin su.

Golanmu babban ɗan Alhaji ne, sa'ana, ajinmu ɗaya a jami'a. Wata rana a aji ya zare gilashina da wasa ya saka. Sai ya tsaya yana kallon allo.

"Ashe haka rubutun yake?" ya ce.

Da muka fito ya ja ni gefe. "Wallahi in aka bugo daga nesa, ƙarar ƙwallon nake fara ji kafin in gan ta. Amma ka rufa mini asiri. Ƙannena duk yara ne. In na ajiye rigar nan ta bar gidanmu ke nan, kuma ka san Alhaji."

Na yi masa alkawari.

Yaya shi ya riƙe lamba huɗu shekara shida, har gwiwarsa ta lalace a wani wasa a Jakusko. Daga nan ya koma noman tattasai da shinkafa tare da Baba a fadama, yana ɗingishi, rigar ta koma jikin ɗan baffanmu. Ƙwallo ce kaɗai abin da ya taɓa sa a san shi a gari, kuma tun da ya bar ta ya zama mutum mai shiru fiye da ni. Da aka sallami na huɗu, Alhaji ya ce a gwada ɗan gida. Ranar da na kai wa Yaya takardar naɗi ya je kasuwa ya sayo usur, ya buga ƙusa a bangon ɗakinmu ya rataye shi. Washegari na ji shi yana waƙa wajen ban ruwa. Rabona da jin haka tun kafin Jakusko.

Na nuna masa littafina. Ban faɗi maganar gilashi ba. Ya daɗe yana buɗe shafuka, yana dangwala yatsa a kan alamomin, sannan ya ce, "Yaron nan ba ya gani." Ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Sati biyu yana hawa babur zuwa Katuzu, har ya zo da wani manomi dogo mai faɗin tafin hannu, wanda ke tsaron raga a ƙauyensu ba takalmi. A atisaye 'yan gabanmu suka yi ta buga masa har suka gaji, ba su ci shi ba. Amma ba shi da riga.

Sai Yaya ya wanke buhun shinkafa ya ce duk rigunan za su riƙa kwana a ciki, koci ya raba su ranar wasa. Da gidanmu ya fara. Ina tsaye lokacin da ya sami Baba a tsakar gida yana gyaran injin ban ruwa.

"Baba, ina so ka ba ni lamba huɗu in saka a buhun ƙungiya."

"Wa ya saka tasa?"

"Babu tukuna. Daga gidan koci ya kamata a fara."

"Koci!" Baba ya ce, bai ɗago ba. "Shekaranjiya aka ba ka usur, yau kana so ka kwashe kayan mutane. Rigar nan da ita ka karye. Uwarka ce ta wanke ƙasar Jakusko daga jikinta tana kuka."

"Shi ya sa nake so ta yi amfani, Baba."

Baba ya goge hannu da tsumma, ya shiga ɗaki ya ɗauko ta, ya ajiye a kan turmi. "Ga ta. Amma da mutanen nan nake sahu ɗaya a masallaci. Kada ka ce in tsaya maka a zauren kwamiti."

Gida uku suka biyo bayanmu. Sauran suka ce za su yi shawara. Alhaji dariya kawai ya yi, ya ce yaran yanzu akwai dabara.

Wasan Nguru ya zo ranar wata Asabar. Muka cika a-kori-kura tun hantsi, 'yan wasa a tsaye a baya suna riƙe da ƙarfe, ni da littafina a tsakiya a kan buhun da riga huɗu kacal ke ciki. Alhaji ya ce zai biyo mu a motarsa in ya sallami masu auna shinkafa. A hanya Yaya ya matsa kusa da ɗan Alhaji ya ce masa yau a benci zai fara. Na zaci zai yi fushi. Sai na ga ya sauke numfashi, ya cire rigar gola a nan cikin mota, ya miƙa wa mutumin Katuzu da hannu biyu.

"Allah ya saka da alheri, Koci," ya ce a hankali.

Ban taɓa ganin rabin wasa irin wannan ba. 'Yan Nguru sun san mu, daga nesa suka fara bugowa kamar yadda suka saba. Mutumin Katuzu ya kama ta farko kamar an miƙo masa kankana. Ya kama ta biyu, ya ture ta uku saman raga. 'Yan bayanmu da suka ga haka suka daina tsoro, suka matsa gaba. Aka tafi hutu babu ci. Shafina fes, ba alama ko ɗaya. Yaya yana zaga 'yan wasa da ɗingishinsa yana dukan kafaɗunsu, muryarsa ta dushe.

A lokacin motar Alhaji ta tsaya a bakin fili.

Ya taho yana murmushi, don ya ji sakamako tun daga ƙofa. Sai ya ga ɗansa a benci da singileti. Ya juya ya ga rigar gidansa jiƙe da gumi a jikin mutumin da bai sani ba.

"Wa ya tuɓe mini ɗa?"

"Alhaji, ranka ya daɗe, babu ci muke," in ji Yaya. "Ka bari a gama, in ya so..."

"Ban tambaye ka ci ba. Kai, ɗan gidan wa ne?"

"Daga Katuzu nake, Alhaji."

"To a Katuzu aka ɗinka ta? Cire."

Mutumin ya cire, ya ninke ta da kyau ya ajiye a kan benci. Yaya ya fara zare tasa rigar, ya ce gola zai iya tsayawa da kowace irin riga in dai kalarta daban ce. Alhaji bai kalle shi ba. Ya juya wajen 'yan wasa.

"Duk wanda rigar ubansa ke jikinsa, in ɗana bai shiga ba, ya cire ya hau mota."

Samari shida suka kama bakin rigunansu, suna kallon ƙasa. Ba su cire ba, ba su saki ba. Alƙalin wasa yana ta busa usur a tsakiyar fili. 'Yan kallon Nguru sun gane abin da ake ciki, wani ya ɗaga murya, "'Yan Gashuwa, a kira muku tela ne?" Fili ya ɗauki dariya.

Yaya ya tsaya da rigarsa rataye a wuya. In shidan suka hau mota, da mutum biyar ba a wasa. Ya ɗauki rigar gola daga benci ya miƙa wa ɗan Alhaji. Yaron ya saka, idonsa ya ciko.

Uku suka ci mu. Duk daga nesa. Na sa alamomin a inda suka saba zama.

Muka kama hanyar dawowa. Mutumin Katuzu ya buga rufin mota a mararraba, ya dira, ya ce, "Koci, na gode da yawon Nguru." Ya tari ɗan acaɓa. Bai sake zuwa atisaye ba.

Washegari bayan la'asar kwamiti ya zauna a zauren Alhaji. Koci ba ya shiga irin wannan zama, haka ake yi tun farko. Baba yana gefe yana jan carbi.

"Uku ba ko ɗaya," in ji Alhaji. "A Nguru. Wanda ya gabace shi biyu aka ci shi muka sallame shi."

Wani dattijo ya ce ya raba kan yara. Wani ya ce gurgu ba ya koyar da gudu, aka yi 'yar dariya, Baba bai ɗago ba. Ba wanda ya ambaci rabin farko.

Sai Alhaji ya waiwayo ni. "Sakatare, kai ne mai littafi. Akwai abin da ka gani?"

Littafin yana kan cinyata, yatsana a cikin shafin Nguru. Na riga na shirya maganar tun safe, jimla uku ce kawai. Na ɗaga kai na ga ɗan Alhaji zaune a bakin ƙofa yana kallona, yana ƙanƙance ido kamar yadda yake yi wa allo. Na ga dattawa goma sun juyo gaba ɗaya. Har yau ban san ko alkawari ne ya riƙe ni ko tsoro ba, amma na fi zargin tsoro.

"Babu, Alhaji," na ce.

"To rubuta."

Da safe na kai wa Yaya takardar a fadama. Yana cikin tattasai yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Ya goge hannu a wando ya karɓa, ya karanta a tsaye.

"A gwada wani hannun," ya ce. "Ko kalma ɗaya ba ka canza mini ba, malam sakatare?"

"Yaya, haka kwamiti..."

"Na sani. An tambaye ka?"

"An tambaye ni."

"Ka ce me?"

Na sunkuyar da kai. Ya jira ni, ya daɗe yana jira. Sannan ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu, ya ɗingisa zuwa wajen injin ya ja igiya. Ƙarar ta cika fadamar. Na tsaya kaɗan na juya.

A ranar gidaje uku suka aiko aka karɓi rigunansu daga buhu. Tamu Baba ya mayar wa ɗan baffanmu. Koci na shida daga Jakusko aka kawo shi, Alhaji ya ce ya ji labarin yana da sa'a. Ɗan Alhaji ya sayi gilashi, yana sawa a aji, yana cirewa kafin ya shiga unguwa.

Ni da Yaya har yanzu ɗakinmu ɗaya. Muna maganar taki da kuɗin makaranta da ciwon ƙafar Inna. Ko a rediyo aka fara labarin ƙwallo sai ya tashi ya fita. Usur ɗin ya daɗe a kan ƙusa, wata rana na duba ban gan shi ba. Da shinkafa ta fara nuna na kai wa su Baba abinci gona, tun daga nesa na jiyo ƙarar usur ɗin. Yaya ne a kan kunya, yana busawa yana korar tsuntsaye.

Ban ajiye sakatare ba. Kocin Jakusko an ci shi sau biyu a jere. Jiya bayan sallar Juma'a Alhaji ya tsayar da ni a bakin masallaci, ya tambaye ni ko ina da sauran farar takarda.