Habu da Gilashin da Ya Ramar da Amarya

Shekara goma sha uku ke nan da aka ɗauki ƙanina Habu daga tsakar gidanmu a Gashuwa aka kai shi makwancinsa. Shi ne autanmu. Ni na goya shi yana jariri, shi kuma ya riƙa goya ni a mashin zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan na aurar da 'yata ta fari. Saboda haka idan rubutun nan ya karkace, ku yi haƙuri, hannun ya tsufa kafin ya riƙe alƙalami. Maganar dai ba karkatacciya ba ce.

Habu fataucin busasshen kifi yake yi tsakanin Nguru, Gashuwa da Kano. Da shi yake ci da iyalinsa. Amma zuciyarsa tana wajen bidiyo. Tun a shekarun casa'in yake bin masu ɗaukar biki yana riƙe musu fitila, ba ko sisi. Da aka shiga shekarun dubu biyu sai ya dawo daga Kano da ƙaramar kyamara ta hannu, irin ta dijital, mai kaset kamar kwalin ashana. Bai taɓa karɓar kuɗin kowa da ita ba. Sha'awa ce kawai, irin wadda wasu ke yi wa tantabara.

Daga baya ya samo wani gilashi a wajen masu kayan gwanjo, mai nauyi, wanda ake ɗaurawa a bakin kyamarar. Shi yana ce masa anamofik, mu muna cewa gilashin Habu. Ya yi mini bayani har ya gaji. Wai gilashin yana kwaso faɗin wuri, dama da hagu, fiye da abin da kyamara ke iya gani, sai ya matse shi ya cusa cikin kaset. Ya ce, “Yaya, kamar ki ninke zane ki sa a adaka ne. Zanen yana nan yadda yake, jiran mai warwarewa yake.” Mai warwarewar kuwa talabijin ce mai faɗi, wadda a lokacin ba wanda ya mallake ta a cikin mutanen da muka sani. A irin akwatunan talabijin namu masu ƙeya, duk wanda Habu ya ɗauka sai ya fito dogo siriri kamar karan gero. Mu a gida dariya muke yi. Ba mu san dariyar za ta zama kuka ba.

Akwai wani alhaji a Nguru da Habu ke sarin kifi a wajensa. Da zai aurar da 'yarsa Falmata, Habu ya ce shi ma ga gudummawarsa, zai ɗauki bikin kyauta, kuma da gilashin, don a ga dandazon mata gaba ɗaya. Falmata yarinya ce cikakkiya, an yi mata gyaran jiki, tana sheƙi. Habu ya juye bikin a babban kaset ya kai. Ba a tsaya kallo ba aka aika shi Maiduguri wajen dangin ango da ba su samu zuwa ba.

Ku tuna wane zamani ne. Zamanin tsoron ƙanjamau, da idan mutum ya rame, ba a tambayarsa me ke damunsa, sai dai a janye tabarma. Daga Maiduguri saƙo ya dawo: wane ciwo amarya take da shi, kuma me ya sa aka ɓoye musu? Kafin a kashe wutar nan sai da aka ɗauki yarinyar aka kai ta suka gan ta da idonsu. Amma magana zarar bunu ce. Har ta haihu akwai masu kallonta a kaikaice.

Uwar amarya, Hajiya Yagana, da kanta ta shigo mota ta zo Gashuwa. Ko zama ba ta yi ba. Ta jefa kaset ɗin a gaban Habu ta ce, “Me muka yi maka, ɗan nan? Ka ci abincin gidana, ka mayar mini da 'ya ƙwarangwal?” Ya fara cewa, “Hajiya, in aka sami talabijin mai faɗi...” Ta ce, “To ka aurar da taka a cikinta!” Ni kuwa ba a taka nawa ina kallo. Na ce mata, “Hajiya, kyauta aka yi miki, ba a yi miki asiri ba. Ƙofar da kika shigo tana nan a buɗe.” Daga ranar ciniki ya mutu, gaisuwa ta mutu. Yau zan faɗa: fushinta yana da dalili, uwa ce. Amma ƙanina bai cuci kowa da niyya ba.

Sunan da aka laƙaba masa shi ne Habu mai ramar da amare. A kasuwa ake kiransa da shi, a majalisa, har a ƙofar masallaci. Ba wanda ya sake barinsa ya ɗaga kyamara a taron gidansa. Na ce masa ya cire gilashin nan ya huta, ya ƙi. Sai ya juya wa mutane baya ya fuskanci fili. Ya ɗauki kogi lokacin da ya cika ya shafe fadama, ya ɗauki masunta cikin kwalekwale, ya ɗauki tuddan yashi na Yusufari, ya ɗauki tashar jirgin ƙasa ta Nguru tana zaune shiru, awaki na kiwo a kan dogo. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, shi kansa bai taɓa zama ya kalli aikinsa a warware ba, in ban da sau ɗaya a kwamfutar wani shago a Kano. Yana ta tara abin da idonsa ba zai ci ba.

Ciwon ƙoda ne ya kama shi, ciwon da duk ɗan Gashuwa ya san gidan da ya shiga. Ƙafafunsa suka kumbura, tafiya Kano ta gagara sai dai a kai shi asibiti. Da ya ga jikin ba na tashi ba ne, ya ce in riƙe masa kaset-kaset ɗin nesa da damshi. Bai ce in wanke sunansa ba. Ni na ɗora wa kaina.

Wani lokaci ina zaune a gidan biki sai in riƙa tunanin me zai ce da ya ga yau. Talabijin mai faɗin da ake yi masa dariya a kanta ga ta nan manne a bango har a shagon mai aski. Kyamara kuma tana aljihun kowa. Amma dubi yadda ake ɗauka: a tsaye, a tsuke, mutum ɗaya ya cika hoton da fuskarsa, ba a ganin na damansa balle na hagunsa. Habu da ya sha zagi don yana son kowa ya shiga, ina jin da sai ya girgiza kai kawai. Ba mai yawan magana ba ne. Ni ce mai bakin gidan.

Bana na kwashi kaset-kaset ɗin na kai Kano wajen masu juyewa. Wasu sun yi fumfuna, sun tafi ke nan. Na bikin Falmata ya tsira. Aka kunna mini shi a faffaɗan allo. Ga yarinya nan da kumatunta, da damatsanta, ga mata sun cika tsakar gida daga wannan katanga zuwa waccan. Gani ya kori ji.

Na sa aka zuba mini shi a filas, ɗan abin ajiyar bidiyo da ake cusawa a talabijin, na hau motar Nguru. Ba zan yi ƙarya ba, da faɗa na tafi. So nake in ji Hajiya Yagana ta ce ta yi kuskure. Na tarar da ita ta tsufa, alhaji ya rasu. A wajen gaisuwa na ji cewa Falmata ma ta daɗe da rasuwa wajen haihuwa, kuma ba su da hotonta mai motsi ko ɗaya. Nan na ajiye faɗan. Na ce kawai a kunna.

Hajiya ta ja jiki har gaban talabijin. Da Falmata ta juyo tana dariya, Hajiya ta sa tafin hannu a kan allon ta bar shi a nan. 'Ya'yan marigayiyar suna bayanta suna kallo. Can ta ce, “Haka take. Wallahi haka 'yata take.” Sannan ta juyo gare ni. “Ina yaron nan? Ki ce masa ya zo in sa masa albarka.”

Ashe ba ta ji ba. Da na gaya mata, ta daɗe tana salati, sannan ta ɗaga hannu ta yi masa addu'ar da ban taɓa jin wani bare ya yi masa ba.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Ban yarda da rabin maganar nan ba. Habu ya dafa, wasu suka sha. Bai bar gida ba, bai bar shago ba, kyamarar ta mutu, gilashin ya yi hazo. Abin da ya bari shi ne marayu a Nguru da yanzu suka san yadda uwarsu take tafiya da yadda take dariya. Ko wannan ya biya shekarun da ya yi yana sunkuyar da kai a kasuwa, ban sani ba. Ni dai a wajena bai biya ba, sai dai a wajen Allah.

Albarkar Hajiya kuwa na ɗauko ta daga Nguru, na iso Gashuwa na rasa wanda zan miƙa wa. Shi ya sa na kawo ta nan. Duk wanda ya taɓa kiran ƙanina da wancan sunan, in yana raye, ya karanta ya ce amin. Allah Ya jiƙan Habu, Ya jiƙan Falmata, Ya yalwata musu kabari.