Ranar da Bitrus Ya Ƙirga Nawa

Wautar da na yi ita ce ƙirga ƙuli-ƙuli a gaban Kaka leɓɓana suna motsi. Da a zuci na ƙirga, wataƙila har yau ana kirana yaron kirki.

Lokacin ina aji huɗu na firamare. Baba yana can wurin aikin soja, mu kuma muna Dabai wurin Kaka, ni da ƙannena uku. In an gama cin tuwo sai ta hura wuta a tsakar gida, ta miƙo mini kwanon ƙuli-ƙuli in raba kafin ta fara tatsuniya. Sabon koyon rabawa ne ni a makaranta, don haka na gaya wa ƙannena cewa malam ya ce ragowa ta mai rabo ce. Malam bai taɓa faɗin haka ba.

Sai na gano dabarar da ko hedimasta bai kai gare ta ba. In ƙuli-ƙulin ashirin da huɗu ne, mu huɗu kowa shida, babu ragowa. Amma in na leƙa bayan zana na kira Bitrus ɗan maƙwabtanmu, mun zama biyar: kowa huɗu, ragowa huɗu, ni takwas. In kuwa ashirin da biyar ne, sai in manta an taɓa haihuwar Bitrus, ya tsaya bakin zana har ya gaji ya tafi. Matan unguwa suka riƙa yabona, wai yaro mai son mutane. Kaina ya kumbura har hula ta daina shiga.

Wata rana na gama motsa leɓɓana na kira Bitrus. Kaka ta gyara itacen wuta, ta dube ni ta ce, "Maigidana, matso kusa, ta yau taka ce."

Ta ba mu labarin wata kura da ake ba aikin raba kifi tsakanin su huɗu a bakin rafi. Duk ranar da kifin zai rabu daidai, sai ta ruga ta kira bushiya, tana ce mata 'yar'uwa. Bushiya ta ɗauka ƙauna ce, har ta riƙa bin daji tana cewa ta yi aminiya. Kaka ta kwaikwayi tafiyar bushiya, ƙannena suka faɗi ƙasa don dariya. Sai ta rage murya.

"Kura ba bushiya take kira ba, 'ya'yana. Na biyar take kira."

Ni na so ƙasa ta tsage in shige har da kwanon. Na manta cewa a ajinmu babu wanda ya kai Bitrus lissafi. Ya dubi huɗun da ke hannunsa, ya dubi nawa, na ga leɓɓansa suna motsi. Ya ajiye nasa a kan tabarma, ya ce wa Kaka sai da safe.

Yanzu ina sakandare. A da na ɗauka Kaka ta tona ni ne saboda ƙuli-ƙulin ƙannena. Da na girma kaɗan na gane ranakun da Bitrus ya yi tsaye a bakin zana ne suka dame ta, don daga inda take zama tana hango ƙafafunsa.

Washegarin daren tatsuniyar nan Kaka ta ba Rahila, ƙanwata, aikin rabo. Ni da Bitrus har yau ajinmu ɗaya. Muna gaisawa, in lissafi ya gagare ni yana nuna mini. Amma bai sake karɓar abin ci daga hannuna ba.