Kujerar Tasi a Kan Kekenmu

Gara in faɗa tun farko cewa shekaru sun ɗan ja da faruwar wannan abu, kuma ban rubuta komai ba a lokacin. Akwai wuraren da na tabbata da su, akwai kuma inda nake zargin na haɗa ranaku biyu na mai da su ɗaya. Ko launin fentin keken sai da muka yi gardama a kansa kwanan baya da ɗaya daga cikinmu: ni na ce shuɗi ne, shi ya rantse kore ne.

Muna ajin ƙarshe a tsangayar injiniya, a wata jami'a da ke gefen Abuja, aka sanar da gasar ƙera abin hawa wanda ƙarfin mutum kaɗai ke tafiyar da shi, ba inji, ba batir. Alƙalai za su duba ƙira da tsaro, sannan a yi tseren karɓa-karɓa, wannan ya sauka wancan ya hau. Akwai sharaɗi guda da kowa ya sani: dole mace daga cikin tawaga ta tuƙa zagaye ɗaya, in ba haka ba a cire tawagar daga tseren.

Mu wannan bai dame mu ba, don muna da mace, kuma ba don cika sharaɗi muka ɗauko ta ba. Ita ta zana sitiyarin keken gaba ɗaya, ta yi lissafin yadda tayoyin gaba za su karkata a kwana ba tare da keken ya kife ba. Hajiya muke kiranta, ko da yake ba ta je Makka ba tukuna. Akwai shugaban tawaga da muke ce wa Oga. Akwai wani dogon saurayi ɗan Filato, ɗan ƙwallo, wanda muka ɗora wa fatan gudu. Sai ni, da aka ba ni birki, ina jin don an san ba na iya barin noti ban sake taɓa shi ba.

Keken mai ƙafa uku ne, biyu a gaba ɗaya a baya. Mahayi yana jingine kamar a kujerar hutawa, ƙafafunsa a miƙe gaba a kan feda. A irin wannan keke, tazarar da ke tsakanin bayan kujera da feda ita ce komai. Saboda haka wata rana muka shimfiɗa kwali a ƙasan ɗakin aikinmu, kowa ya zauna ya miƙe ƙafa aka auna shi daga ƙugu zuwa diddige. Dogon namu aka fara aunawa, ana ta tsokanarsa wai tef ɗin zai ƙare kafin a kai ƙafarsa. Aka auna Oga, aka auna ni. Sai aka zo kan Hajiya. Oga ya dubi tef ɗin da ke hannunsa, ya dube ta, ya naɗe tef ɗin, ya ce a bari sai anjima.

Anjimar ba ta zo ba. Babu wanda zai iya durƙusawa ya ɗora tef a jikin 'yar mutane, kuma babu wanda zai iya buɗe baki ya ce mata ta faɗi tsawon ƙafarta. Ita ma, kamar yadda ta gaya mana daga baya, nauyin kawo maganar ta ji, ta ɗauka an riga an yi lissafin ta wata hanya. Abin da ya faru, in ban manta ba, shi ne Oga ya hange ta tsaye a bakin ƙofa kusa da ni, ya ga kafaɗunmu sun kusa daidaita, ya ce awona ya ishe ta. Doguwar abaya ta rufe takalmi mai tudu da take sawa. Haka ɗalibai da aka yi shekaru ana gaya musu cewa injiniya ba ya kintace suka kintata, aka yi wa kujera walda a wuri ɗaya.

Mun kai keken gwaji wata safiyar Asabar a wani titi marar cunkoso ta wajen Bwari. Matan Gbagyi na wucewa da itace a kafaɗa, suna waiwayen wannan abu da mutum ke tuƙawa a kwance. Dogon ya hau ya tafi kamar iska, birkina ya kama, na ɗan sami numfashi. Sai Hajiya ta zauna. Da feda ta juya zuwa can nesa, ko yatsunta ba su taɓa ta ba. Ta zamo gaba don ta kai, bayanta ya rabu da kujera, gefen abayarta ya faɗa cikin sarƙa. Muka ji ƙarar yagewa. Sai da muka juya tayar baya da hannu kafin yadin ya fito, baƙi ƙirin da giris.

Dogon, wanda Hausarsa ta Jos ba ruwanta da mace ko namiji, ya ce, “Sori fa, Hajiya. Ƙafan ka ne bai kai ba, abi keken ne ya yi tsawo?”

Ta ce, “Ƙafata ta riga kekenku zuwa duniya. Sai ka duba wanda aka ƙera a kan kuskure.”

Ba wanda ya yi dariya sai shi. Muka gwada cusa mata jakunkunanmu a baya, amma suna zamewa, kuma hannunta ba ya zama daidai a kan birki. Na ce ni dai ban yarda ba, ko da za a ce na cika tsoro.

Malamin da ke kula da aikinmu, Dakta, ya ji labari ranar. Ya ce gasa ta matso, in aka yanke ƙarfen aka sake walda zai yi rauni, kuma in aka matso da kujerar dogon ba zai iya miƙe ƙafa ba. Shawararsa ita ce a nemo wata doguwar ɗaliba daga wani sashe, mai wasan ƙwallon kwando, a sa ta a tawaga ta yi zagayen. Ba da mugunta ya faɗa ba, ina ganin. Oga ya fara gyaɗa kai. Ma'anar hakan dai kowa ya gane: wadda ta zana sitiyarin za ta tsaya a bayan igiyar 'yan kallo tana kallon wata na riƙe da shi. Hajiya ba ta yi musu ba. Ta ce a ba ta zuwa Litinin.

Abin da ya biyo baya daga bakinta na ji shi, don haka ita ce shaida. Ta kai abayar wajen wata tela a kasuwar Wuse, kuma tun da ta je, ta sa telar ta auna ta daga ƙugu zuwa diddige, abin da bai ɗauki lokacin shan ruwa ba. A hanyar dawowa ta shiga tasi, irin mai kore da fari, ta zauna a baya. Wani dattijo mai jiki ya shiga gaba, ya sa hannu ƙarƙashin kujera ya ja wani ƙarfe, kujerar ta zamo baya ta daki gwiwoyinta. Ya juyo zai ba ta haƙuri, ita kuwa ta ce, “Baba, don Allah sake yi in gani.” Ta ce ya ɗauka baƙar magana take gaya masa, sai da ya ga ta sunkuya tana leƙen ƙasan kujerar.

Ranar Litinin ta rubuta awonta da alli a kan allo, manya-manya, ta ja layi a ƙarƙashi. A gefe ta zana kujerar kekenmu zaune a kan ƙarafa biyu irin waɗanda kujerar mota ke zamewa a kansu. Ba za a taɓa ƙashin keken ba, kujerar kawai za a cire. Dakta ya daɗe yana kallon allon, ya ce a gwada.

Muka samo ƙarafan a jikin wata matacciyar tasi a wajen masu sayar da kayan tsofaffin motoci. Suna da nauyi. Dogon ya yi ta mita wai an ɗora masa mota a kan keke, Oga ya yi ta huda su yana gogewa don su rage nauyi. Ni damuwata dabam ce: in aka taka birki da ƙarfi, makullin kujerar ya saki, mahayi zai tafi gaba. Na ɗaure buhun yashi a kujerar ina turawa ina kama birki, har suka fara ce mini in auri buhun kawai. A wani gwajin makullin ya saki, buhun ya zame ya daki feda. Daga nan aka daina tsokanata na ɗan lokaci, muka sa waya mai ƙarfi a makullin. Hajiya kuma ta yanko ragowar kwanon rufi ta lanƙwasa shi ya rufe sarƙar tun daga feda har baya.

An yi gasar a wani fili da aka killace kusa da tafkin Jabi. Kekunan wasu sun fi namu kyau, kuma sun fi shi sauƙin nauyi, wannan ba na shakka. Da alƙalai suka zo kanmu, ɗaya daga cikinsu ya ja ƙarfen kujerar, ta zame gaba, ya sake ja ta koma. Ya tambayi motar da aka ciro shi, muka faɗa masa, ya yi murmushi ya yi rubutu.

A tseren ne abin ya nuna kansa. Dogon ya fara, ya dawo muna na uku ko na huɗu, nauyin ya ci shi a hawa. Amma a wajen canjin mahayi, sauran tawagogi sai su durƙusa da sifana suna kwance noti, ko su yi ta cusa matashin kai. Mu kuwa hannu ɗaya a ƙarƙashin kujera, ƙaras, an wuce. Oga ya karɓa, ni na karɓa daga gare shi. Zagayena ban tuna komai a cikinsa ba sai yatsuna a kan birki. Na dawo muna na biyu.

Hajiya ce ta ƙarshe, ita ta roƙi hakan. Tawagar da ke gabanmu ta riga mu isowa, amma suna can suna fama da wani noti da ya ƙi. Ta ja kujerar har ƙarshen gaba, ta gyara hular kwano a kan hijabinta, ta yi bismillah, ta taka. Sun biyo ta, kuma a miƙaƙƙen titi sun kusa kamo ta. Sai kwanar ƙarshe, mai kaifi, inda kowa ke rage gudu. Ita ba ta rage ba, don ta san iyakar abin da ta zana. Ni na rufe ido. Da na buɗe, ta fita daga kwanar, tayoyi uku duk a ƙasa, dogon yana gudu a bayan igiya yana kiran sunan Yesu da na Allah a haɗe.

Ita ta fara tsallake layi. Mun ci tseren, wannan kam ko a gaban wa zan faɗa. A ƙira ina jin na biyu muka zo, ko da yake Oga na cewa na ɗaya. Ta sauko tana haki, abayarta ko ɗigon giris babu, ta dubi Oga ta ce, “Oga, anjima ta yi. Ka zo da tef ɗin?” Dakta ne ya fi kowa dariya.

Wannan shi ne abin da na iya tunawa. Waɗanda muka yi aikin tare, da duk wanda ya tsaya a bakin tafkin ranar, in kun ga inda na ƙara ko na rage, don Allah ku aiko mini in gyara. Musamman Hajiya, game da maganar tasi, da kuma duk wanda ke da hoton keken mai nuna launinsa.