Ranar da aka kai bindigar Baba kotu

Yau na ga tsohuwar bindigar Baba rataye a zauren gidanmu na Ƙofar Galadima, sai na tuna ranar da aka kai ta kotu, zamanin mulkin soja.

Bindigar toka ce, ƙirar maƙeri, da ita yake korar birai a gonarsa ta Kufena. Yana da rajistar ƙaramar hukuma, yana da lasin jiha. Duk da haka wani sufeton 'yan sanda ya ƙwace ta, wai umarni daga Legas ya ce sai da izinin tarayya. Har ana maganar ɗaure dattijo mai furfura.

Ni na raka shi kotu da takardun, tunda ni ce na yi sakandare. Da alƙali ya ba ni dama na ce, "Ranka ya daɗe, izinin tarayya na bindiga mai cin harsashi ne. A sa sufeto ya ɗura wannan mu gani."

Alƙali ya yarda. Sufeto ya yi ta juya ta yana neman wurin sa harsashi, har gumi ya karyo masa.

Baba ya ce, "Ɗana, ta baki ake ɗura mata albarushi. Kawo in nuna maka, kar ka lalata min ita."

Kotu ta ɗauki dariya. Alƙali ya ce wannan hurumin jiha ne, a mayar masa da abarsa.

Iyaye, ku sa 'ya'yanku su san doka. Wanda ya san ta, muryarsa ba ta rawa gaban hukuma. Wa ya taɓa tsaya wa mahaifinsa haka?