Giyar Ummu Deng da Idon Baba Idrisu

Ba zan faɗi sunana ba, domin mahaifina yana raye, kuma har yanzu ana gaishe shi da mutunci a unguwarmu. Abin da nake so ku sani, ku matasa, shi ne kafin in zama abin da na zama ni ɗalibi ne. Na sauke Alƙur'ani da wuri, na yi karatun littattafai a zaure, har aka zaɓe ni cikin waɗanda za su tafi Masar ƙaro ilimi. Ranar tafiyata mahaifiyata ta ƙulla mini kuka da daddawa da yaji, ta ce in dawo da abin da zai amfani mutane.

Shekarar farko a Alƙahira na yi karatu tsakanina da Allah. Ina zaune da wasu ɗalibai a Abbasiya, kullum da safe in sa jubba da jar hula mai farin naɗi in nufi Darrasa, unguwar da makarantarmu take. Daga baya na faɗi jarrabawa, na maimaita, na sake faɗuwa, aka yanke mini tallafi. Kunya ta hana ni faɗa wa gida. Na tattara na koma unguwar Ainu Shams, na kama wani ɗan ɗaki a saman rufin bene inda haya take da sauƙi. Duk ranar Juma'a sai in sa jubbar nan in ɗauki hoto in aika gida, su yi ta sa mini albarka.

A ƙasan benen akwai shagon wani tela, Baba Idrisu. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa sun taso daga ƙasar Hausa za su aikin Hajji suka tsaya a hanya, shi kuma yaƙi ya koro shi Masar da iyalinsa. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, ya gauraya ta da Larabcin Sudan. Da yake ba ni da aikin yi, a shagonsa nake wuni. Shi ne ya fara lura ina kwana da yunwa, sai kawai ya riƙa turo mini kwanon fula, wato dafaffen waken Masar, da burodi ya ce shi ya ƙoshi.

Baba Idrisu yana salla, kuma yana shan giya. Bai taɓa ɓoye mini ko ɗaya ba. Duk Alhamis bayan la'asar abokansa kan taru a ƙuryar shagon, su ja labule, su shiga musu a kan wadda ta fi. Wani ya ce ba kamar ta koriyar kwalba da ake yi a nan Masar, wani ya rantse da ta gwangwani mai zuwa daga Turai, ko da yake sau nawa ya taɓa sayenta da kuɗinsa Allah ne masani. Shi Baba ba ya shan kowace sai marisa, giyar dawa ce mai kauri kamar burkutun wajenmu. Wata mata 'yar Sudan ta Kudu ce ke dafa ta a gidanta, ana ce mata Ummu Deng, mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya.

"Kamfani bai san sunana ba," in ji Baba idan suka dame shi. "Matar nan kuwa ina ganin 'ya'yanta suna wucewa makaranta da rigunan da na ɗinka. In dai zan yi zunubin, gara kuɗin ya shiga tukunyar maƙwabciya."

Da farko wa'azi nake yi musu, suna dariya suna kirana Maulana. Sannu a hankali wa'azin ya ragu, zaman ya ƙaru. Wata rana da zafi ya tsananta, raina kuma a jagule, na ɗauki kofin wani na kurɓa. Tsami ne kawai na ji, ban ma so ta ba. Baba Idrisu ya ƙwace kofin ya ce, "Ɗana, wannan ba taka ba ce." Da na ji maganarsa, da yanzu ba wannan labarin nake rubutawa ba. Amma na riga na gano akwai abin da ke sa mutum ya manta ya faɗi jarrabawa.

Babbar matsalar Ummu Deng ita ce kai kaya. Ba ta da izinin dafawa, kuma duk baƙin mutumin da aka gani da jarka a titi sai an tsayar da shi. Ni kuwa na san wani abu game da garin nan. Mutanen Masar suna girmama tufafin ɗaliban addini. In ka sa jubba da jar hular nan, a jirgin ƙasa na cikin gari tashi ake yi a ba ka wuri, ɗan sanda ya ɗaga maka hannu ya ce, "Wuce, ya Maulana, ka sa mu a addu'a." Ba wanda zai buɗe jakar littattafan irin wannan mutum. Na je na same ta na ce zan riƙa kai mata kaya.

Ta ce, "Ni ba addininku nake bi ba, amma rigar nan ba ta wannan aiki ba ce." Na ce mata yunwa ba ta san riga ba. Ta yarda ba da son ranta ba. A ranar na juye littattafan fiƙihuna a ƙarƙashin gado, na jera gorunan marisa a madadinsu.

Aiki ya tafi daidai. Ina kai wa gidaje a Ainu Shams da unguwannin kewaye, tana ba ni rabona ba ta taɓa tauye ni ba. Sai dai ido ba ya ƙoshi. Na ga abin da take dafawa ba ya isar masu nema, sai na fara ƙara ruwa a ɗakina kafin in kai, gora ɗaya ta zama biyu. Masu saye suka fara ƙorafi wai ta yi salam, ba ta kama jiki. Ina cikin wannan damuwa wani mai sayar da kayan fenti ya nuna mini sibirtu, ruwan sinadarin da kafintoci ke goge katako da shi, ya ce ɗan kaɗan ya isa ya tayar da ita. Ban tambaye shi ko yana cutarwa ba. Gaskiyar magana, ban so in sani ba. Na saya na fara zubawa a gorunan.

Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne da bakin Baba Idrisu nake talla. Duk inda na je sai in ce, "Ku bar ta kamfani, ku taimaki ta gida, marayu take ciyarwa." Mutane suka yi ta saye saboda tausayi da kishin nasu, ita kuwa ba ta san ana sayar da ninkin abin da ta dafa da sunanta ba.

Mutum ɗaya ne ya gane. Wata Alhamis Baba ya kurɓa, ya juya ta a baki, ya ajiye kofin. Ya ce, "Ɗana, wannan ba hannun Ummu Deng ba ne. Na san giyarta kamar yadda na san keken ɗinkina." Amma ƙarya ta riga ta zama mini jiki. Na ce dawa ce ta yi tsada, ta koma sayen marar kyau, kuma masu saye sun fara gudunta, har tana maganar cire yara daga makaranta. Na roƙe shi kada ya yi mata maganar, don za ta ji kunya. Ya ce, "Ma'alish, ba komai. Daga yau ka riƙa kawo mini biyu." Na kawo masa biyun, da hannuna.

Ba a daɗe ba, wata safiya na ji kururuwar matar Baba, Inna Halima, daga ƙasa. Na sauko na tarar da shi zaune a bakin gado yana amai, yana ce mata ta kunna fitila, alhali rana ta cika ɗakin. Aka kai shi asibiti, kafin azahar ya fita hayyacinsa. Wasu mutum uku ma aka kwantar, su Allah ya tashe su lafiya. Da 'yan sanda suka tambayi giyar waye, kowa ya ambaci suna ɗaya, sunan da ni na koya musu.

Ina tsaye a bakin titi cikin jubbata aka fito da Ummu Deng. Tana kuka tana cewa ita ta makantar da mutumin da ya tsaya mata, ta rasa me ya faɗa cikin tukunyarta. Ba ta ambaci sunana ba, ta ɗauka taimakonta kawai nake yi. Ni ma ban buɗe baki ba. Takardunta na zama sun daɗe da ƙarewa, don haka ba a tsaya dogon bincike ba, aka fitar da ita daga ƙasar da 'ya'yanta.

Baba Idrisu ya farfaɗo, amma idon ya tafi. Da mai bincike ya zo wurinsa, ya ce, "Abin da na sha ba ita ta dafa ba. Ku tambayi mai ɗauko ta." Suka hau ɗakina suka sami jarkar sibirtu kusa da littattafan da ƙura ta rufe. Kafin a sa mini ankwa, jami'in ya ce in tuɓe jubbar da hular. Ya ninke su da kansa ya ɗora a kan gado.

Ba zan ja muku labarin kurkuku ba, na gaji da tuna shi. Ɗaki ne da ake kwana a gefe ɗaya saboda cunkoso, in za a juya sai a juya tare. Da fursunoni suka ji ƙira'ata suka ce in riƙa jan su salla, na kasa, na koma sahun baya. Labari ya kai gida ta bakin ɗalibai. Mahaifiyata ta rasu ina ciki, ban san da wace fuska take tuna ni ba.

Da na gama shekarun da alƙali ya yanke, aka kai ni inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Can Baba Idrisu ya zo, Inna Halima na riƙe da hannunsa. Ya rame, ya sayar da keken ɗinkin, ita ce ke sayar da shayi tana riƙe gidan. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya lalubo kafaɗata, yatsunsa suka bi ɗinkin rigar da ke jikina kamar yadda ya saba.

Ya ce, "Shan da na yi tsakanina da Ubangijina ne, na tuba, ina fatan Ya karɓa. Idona kuwa, ina ƙoƙarin yafewa, ban kai ba tukuna, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ba wannan ya kawo ni ba. Matar nan ta tafi tana ganin ita ta makantar da ni. Na aika ko'ina ban sami inda take ba. Kai kana da ido da ƙafa. Ka neme ta ka faɗa mata da bakinka."

Yanzu ina gida, ba a garinmu ba, ina dako a wata kasuwa. Na tuba, ban sake kusantar giya ba, ta kwalba ko ta tukunya. Ku da kuke shirin fita karatu, ku ji ni. In ka faɗi jarrabawa, ka faɗa wa iyayenka a ranar, kunyar ba ta kai wadda na jawo ba. Kada ka zauna inda ake sha kana cewa kai kallo kawai kake yi. Kada ka mai da rigar da mutane ke girmamawa mayafin ɓarna. Kuma in mutum ya ciyar da kai, kada amanarsa ta zama jarinka.

Na tambayi duk wanda na sani ya je Sudan ta Kudu, na bi ta kan direbobi da 'yan kasuwa da tsofaffin ɗalibai, har yau ban same ta ba. Don haka na rubuta wannan. In Allah ya haɗa ɗayanku da wata doguwar mata da ake kira Ummu Deng, wadda ta taɓa zama a Ainu Shams, ku ce mata tukunyarta ba ta makantar da kowa ba. Ni ne.